Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Ake Samo wa Tsohuwar Kwamfuta Tafinta



Filinmu na kimiyya da fasaha a wannan fitowar zai taɓo wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya zauna a ajin kwamfuta ya kwafi layukan BASIC daga allo: 10 kaza, 20 kaza, 30 END. Mun haddace su, mun amsa su a jarrabawa, amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa buga su a na'ura suka ga ta ba da amsa? Uzurinmu kullum ɗaya ne, wai babu kwamfuta. Alhali a wasu gidaje da ofisoshi da shagunan buga takardu na Kalgo da Gwandu da Birnin Kebbi akwai tsofaffin kwamfutoci jingine a lungu, ƙura ta rufe su, ana jiran 'yan gwangwan su zo su ɗora su a sikeli.

Da yawa daga cikin waɗannan na'urori lafiyarsu ƙalau. An yi watsi da su ne don ba sa ɗaukar manhajojin yau. Amma BASIC ɗin da ke cikin littafinmu tsararsu ne, kuma da shi suka tashi. Abin da ya rage shi ne a samo musu wanda zai fassara musu abin da muka rubuta. Yadda ake wannan nema shi ne darasinmu.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan guntun abu mai ƙafafu da yawa da ake kira furosesa. Shi ne ke yin lissafi, shi ne ke bin umarni. Furosesa ba ya jin Turanci, ba ya jin Hausa, ba ya jin BASIC. Yarensa ɗaya ne, jerin lambobi na sifili da ɗaya, wanda ake kira yaren inji. Sannan kowane dangin furosesa da nasa yaren. Lambar da ke nufin "tara" a wurin wannan tana iya nufin wani abu dabam a wurin wancan. Wannan shi ne dalilin da ya sa manhajar da aka yi wa wata na'ura ba ta tashi a wata.

Da farko masana da lambobin suke rubuta shirye-shiryensu, aiki mai wahala da yawan kuskure. Daga baya aka ƙirƙiro yarukan da ɗan Adam zai iya karantawa. Kamfanin IBM ya fitar da FORTRAN a 1957. A 1964 wasu malamai biyu na Kwalejin Dartmouth a Amurka, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ƙirƙiro BASIC musamman don ɗaliban da ba lissafi suke karanta ba. To amma duk yaren da mutum ya yi rubutu da shi, dole a sami wata manhaja a tsakani da za ta mayar da shi yaren inji. Irin wannan manhaja kashi biyu ce.

Tafinta da mafassari

Ku tuna yadda ake yi a kotu idan aka kawo wanda ba ya jin yaren alƙali. Mutumin ya faɗi magana ɗaya, tafinta ya juya ta nan take, sannan a ci gaba. Idan gobe aka dawo, sai tafinta ya sake zuwa. Haka kashi na farko yake aiki. Yana ɗaukar layi ɗaya na shirinka, ya juya shi, na'ura ta aikata, sannan ya wuce na gaba. Shi ne wanda malamin kwamfuta ke kira intafireta. Mu a nan za mu ce masa tafinta.

Kashi na biyu kuwa, ku ɗauki misalin littafin Tazyinul Waraƙat na Shehu Abdullahin Gwandu. Da Larabci ya rubuta shi. A 1963 aka buga fassararsa ta Turanci wadda Mervyn Hiskett ya yi. Mai fassarar ya zauna ya juya littafin daga farko har ƙarshe sau ɗaya, kuma tun daga ranar duk mai jin Turanci yana karantawa ba tare da ya neme shi ba. Haka kompaila yake, wanda za mu kira mafassari. Yana karɓar shirinka gaba ɗaya, ya fitar da sabon fayil da yaren inji, wanda zai riƙa aiki shi kaɗai.

Kowane da amfaninsa. Tafinta ya fi daɗin koyo, domin kana rubutawa kana ganin sakamako. Amma yana da nawa, saboda layin da za a maimaita sau dubu, sau dubu zai fassara shi. Shirin da ya fito daga hannun mafassari ya fi gudu nesa ba kusa ba, sai dai duk gyaran da ka yi, komai ƙanƙantarsa, sai an sake fassara shirin.

Mataki na farko: ku san na'urarku

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara nema kafin a san wa ake nema wa. Ku ɗauki biro da takarda, ku duba gaba da baya da ƙarƙashin na'urar, ku rubuta abu huɗu: sunanta da lambar samfurinta, irin furosesanta, girman ma'ajinta na aiki wato RAM, da kuma ta inda take karɓar manhaja, ko kaset, ko faifan fulofi, ko CD, ko filash. Idan kun sami sunan, sauran ukun suna cikin littafinta ko a intanet.

Tsofaffin kwamfutocin gida gida biyu ne. Gida na farko su ne ƙananan na'urorin shekarun 1980, waɗanda suke kama da allon rubutu mai kauri, ana jona su da talabijin. BBC Micro ta fito a Ingila a 1981 da furosesa 6502. ZX Spectrum ta kamfanin Sinclair ta fito a 1982 da furosesa Z80 da ma'aji na 16K ko 48K. Commodore 64 ta fito a Amurka a wannan shekarar da furosesa 6510, ɗan uwan 6502, da ma'aji na 64K. Don ku gane ƙanƙantar wannan, 64K gurbin haruffa 65,536 ne kacal. Hoto ɗaya da kuka ɗauka da waya ya ninka shi sau da yawa.

Gida na biyu su ne dangin IBM PC, wadda ta fito a 1981 da furosesa Intel 8088. Daga ita aka sami 286 da 386 da 486 da Pentium. Su ne manyan akwatunan nan masu ruwan madara da ke tafiya da MS-DOS ko Windows 95 ko 98 ko XP. A yankinmu waɗannan aka fi cin karo da su.

Mataki na biyu: wuraren nema guda biyar

1. Cikin na'urar kanta. 'Yan gida na farko da tafintansu aka haife su. An dasa BASIC a cikin wani ma'aji na dindindin da ake kira ROM, wanda ɗauke wuta ba ya goge shi. Kana kunna Commodore 64 za ta rubuta maka cewa gurbi 38911 na jiran shirinka, sannan ta rubuta READY. Ba ka buƙatar komai, sai ka fara bugawa. BBC Micro ma haka take, da BBC BASIC wanda Sophie Wilson ta rubuta. A 'yan gida na biyu kuwa, ku leƙa babban faifan ciki ku nemi fayil mai suna GWBASIC.EXE ko QBASIC.EXE. QBasic ya fara zuwa ne tare da MS-DOS 5.0 a 1991, wato sa'an Jihar Kebbi ne, shekararsu ɗaya.

2. Kwalin da na'urar ta zo a ciki. Kada ku raina tsofaffin faya-fayai da kaset da littattafan da aka ajiye tare da ita. Misali, faifan CD na Windows 98 yana ɗauke da QBasic a ɓoye cikin jakar TOOLS, a ƙarƙashin OLDMSDOS. A faifan Windows 95 kuma yana cikin jakar OTHER. Mutane da yawa sun yi shekaru da faifan a hannu ba su sani ba. Idan na'urar 'yar gida na farko ce, ku duba sunayen da ke jikin kaset ko fulofi. HiSoft ya yi wa Spectrum mafassaran Pascal da C da BASIC, Acornsoft ya yi wa BBC Micro Pascal da Forth da Lisp, sannan akwai Petspeed da Blitz masu fassara BASIC ɗin Commodore don ya ƙara gudu.

3. Abin da masu shi suka saki kyauta. Turbo Pascal, wanda Anders Hejlsberg ya rubuta kuma kamfanin Borland ya fara sayarwa a 1983, yana cikin mafassaran da suka fi suna a zamaninsu. Daga baya kamfanin ya saki wasu tsofaffin fitowarsa kyauta, ciki har da Turbo Pascal 5.5 da Turbo C 2.01. Dukansu suna tashi a kan DOS da ɗan ƙaramin ma'aji. Microsoft ma a 2020 ya ɗora ainihin rubutun GW-BASIC a shafin GitHub. Sai dai ku lura, wannan rubutun na karatu ne ga mai son ganin yadda aka gina tafinta, ba abin da za a sauke a danna ya tashi ba ne.

4. Sababbin manhajoji na tsofaffin na'urori. Har yau akwai masu sa kai a faɗin duniya da ke rubuta wa waɗannan na'urori kayan aiki. Babban misali shi ne FreeDOS, wanda Jim Hall ya fara a 1994 don ya maye gurbin MS-DOS. Kyauta ne, kuma cikin kayan da ake bayarwa tare da shi akwai FreeBASIC da Free Pascal da Open Watcom C. Na biyun farko suna buƙatar furosesa 386 ko sama da haka, kun ga amfanin takardar da muka ce ku rubuta. Akwai kuma wani irin mafassari da ke zaune a kwamfutar zamani amma yana fitar da yaren injin tsohuwa, kamar telan da ke Kalgo yana ɗinka wa yaron da ke Jega riga da awon da aka aiko masa. Irinsu akwai cc65 na dangin 6502, da z88dk na dangin Z80. Rumbun Internet Archive, wanda aka kafa a 1996, yana da tarin littattafai da mujallun waɗannan na'urori ga mai son karantawa.

5. Mutane. Matambayi ba ya ɓata. Malamin kwamfutarmu, da masu gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi, da dattawan da suka yi aikin ofis a shekarun 1990, duk suna iya sanin inda wani faifai yake kwance. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi nan kusa da mu a kan hanyar Bunza, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Yayyenmu da ke karatun kwamfuta a can za su iya sauke mana abin da datarmu ba za ta ɗauka ba.

Mataki na uku: shigar da shi cikin na'ura

Samun tafinta dabam, kai shi inda zai yi aiki dabam. Idan na'urar tana karɓar filash, akwai manhaja mai suna Rufus da ke ɗora FreeDOS a kan filash cikin 'yan mintoci, a tayar da kwamfutar daga gare shi. Idan ta girmi filash, sai a ƙona a faifan CD. Idan fulofi kawai take ci, ku sani faifan nan mai inci uku da rabi yana ɗaukar 1.44MB ne, kuma samun mai kyau yanzu sai an sha wuya. Shi ya sa masu wannan harka ke saka wata 'yar na'ura mai suna Gotek a gurbin fulofi, wadda ke karanta filash amma kwamfutar ta ɗauka fulofi ne.

Na Spectrum ya fi ban mamaki. Abin da ke cikin kaset ɗinta sauti ne kawai, wani irin ƙara mai kama da kukan gyare. Saboda haka ana iya kunna mata wannan sautin daga waya, ta wayar da ake saka abin kunne, bayan an ba ta umarnin LOAD "". Na'urar 1982 ke nan take karɓar manhaja daga wayar hannu.

Abu guda da za ku kiyaye: Windows XP da aka saba gani yana tayar da QBasic da Turbo Pascal kai tsaye, amma Windows na yau mai 64-bit ba ya tayar da su. Ba lalacewa suka yi ba, an daina jin yarensu ne a gidan.

Idan babu na'urar fa?

Wannan ma ba uzuri ba ne. A 1975 aka fitar da wata kwamfuta mai suna Altair 8800 a Amurka, ba ta da BASIC. Wasu samari biyu, Bill Gates da Paul Allen, suka ce za su rubuta mata, alhali ba su mallake ta ba. Sai Allen ya rubuta manhajar da ta sa babbar kwamfutar Jami'ar Harvard ta riƙa kwaikwayon furosesan Altair, a kanta suka gina tafintan suka gwada shi. Allen ya ɗauke shi a kan zaren takarda mai huji-huji ya kai wa kamfanin a garin Albuquerque, aka saka, ya yi aiki. Daga nan Microsoft ya samo asali.

Irin wannan manhaja ta kwaikwayo yanzu a banza ake samunta. DOSBox na kwaikwayon DOS, VICE na kwaikwayon Commodore, Fuse na kwaikwayon Spectrum, BeebEm na kwaikwayon BBC Micro, PC-BASIC kuma na yin aikin GW-BASIC sak. Wanda waya kawai gare shi, akwai BBC BASIC da Richard Russell ya yi wa wayoyin Android.

Gani ya kori ji

Idan kun sami GW-BASIC ko PC-BASIC, ku buga wannan daidai yadda yake, har da kuskuren da ke layi na uku, sannan ku rubuta RUN:

10 PRINT "SANNU KALGO"
20 PRINT 12 * 5
30 PRNT "SAI ANJIMA"

Za ku ga ta rubuta SANNU KALGO, ta rubuta 60, sannan ta tsaya ta ce akwai kuskure a layi na 30. Ta aikata biyun farko domin tafinta bai san da kuskuren ba sai da ya iso kansa. Da mafassari aka ba wa, da tun farko zai ƙi fitar da komai sai an gyara. Wannan shi ne bambancin da ake tambayarmu a jarrabawa, ga shi kun gani da idonku.

Ga na biyu, na lissafin shinkafar fadama:

10 INPUT "BUHU NAWA", B
20 INPUT "KUDIN BUHU DAYA", K
30 PRINT "JIMLA NAIRA"; B * K
40 END

Ku lura mun rubuta KUDIN da DAYA babu lanƙwasa, domin waɗannan na'urori ba su san ɗ da ƙ da ɓ ba. A ce buhu 200 ne, kowane a kan naira 60,000. Amsar ita ce miliyan goma sha biyu, amma GW-BASIC zai rubuta 1.2E+07, wato 1.2 sau goma har hawa bakwai. Yana yin haka ne domin lambobi bakwai kawai yake nunawa idan ba a gaya masa ba. Ku canza B zuwa B# da K zuwa K# a ko'ina, ku sake gwadawa, ku ga abin da zai faru.

Rigakafi ya fi magani

Kafin ku jona tsohuwar na'ura da wuta, ku karanta bayanta. Wutarmu ta Nijeriya 230V ce, na'urar da aka yi don Amurka kuwa 110V zuwa 120V take sha, kuma jona ta kai tsaye zai ƙone ta nan take. Tsohuwar cajar Commodore 64 ta yi ƙaurin suna wajen sakin wuta fiye da kima idan ta tsufa, don haka mai gyara ya auna ta tukuna. A share ƙurar hunturu da busasshen buroshi, a duba ko batirin ciki ya yi yoyo. Kada ɗalibi ya kuskura ya buɗe tsohon sikirin mai ƙusumbi ko akwatin wutar kwamfuta. Suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire su daga soket. Wannan aikin mai gyara ne.

Sai batun haƙƙi. Tsufan manhaja ba ya mayar da ita ta kowa. Wadda mai ita ya saki halal ce a ɗauka, wadda bai saki ba tana nan tasa ko da ya daina sayarwa. Tunda ga na kyauta birjik, babu dalilin taɓa abin wani. Haka nan na'urar da kuka gani a gida ko a makaranta tana da mai ita, a nemi izini kafin a taɓa, kuma kada a goge abin da ke cikinta sai ya yarda. Duk filash ɗin da ya zaga shagon sauke finafinai a bincike shi kafin a saka.

Aikin wannan mako

1. Da kalmominka, faɗi bambanci biyu tsakanin tafinta da mafassari.
2. Me ya sa manhajar ZX Spectrum ba za ta tashi a Commodore 64 ba, alhali shekararsu ɗaya?
3. Wane sakamako kuka samu bayan saka alamar # a shirin shinkafa?
4. Ku tambaya a gida ko unguwa ko akwai tsohuwar kwamfuta da aka jingine. Ku rubuto mana abubuwa huɗun nan da muka lissafa a mataki na farko.

A jefa amsoshi a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, tare da jerin na'urorin da aka gano da irin tafintan da ya dace da kowace. Muna kuma roƙon malamanmu, idan aka dace da ko guda ɗaya mai tashi, a ba mu kusurwa a ɗakin gwaje-gwaje da awa ɗaya a mako, domin kowane ɗalibi ya buga RUN da hannunsa ko sau ɗaya kafin ya shiga ɗakin jarrabawa.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.